HIRAR TSAKAR GIDA: Suna Linzami Ne

Duk wanda ya taɓa shiga kara a kasuwar Illela ran Lahadi, bayan an tashi sujada, zai gane abin da za mu faɗa. Baƙon da ya zo daga birni, in ya tsaya ya duba, abu ɗaya ya ke gani, wato shanu. Amma matsa kusa da dillali ka ji bakinsa. Shi yana ganin bijimi da karsana da maraƙi, da guzuma wadda ta gama haihuwa. Yana ganin Gudali mai gajeren ƙaho, da jan Rahaji mai dogon ƙaho, da Azawak da aka koro daga arewa ta Konni. In aka koma wajen tumaki, ga Uda, ga Balami, ga 'Yanƙasa, kowanne da kuɗinsa, kowanne da irin kiwon da ya ke so. Idon dillali bai fi na baƙo lafiya ba. Sunaye ya fi shi, sunayen nan kuwa su suka koya wa idonsa inda zai duba.

Haka kowannenmu ya fara. Yaro ɗan shekara biyu in ya kama kalmar "akuya", to, tunkiya akuya ce, kare akuya ne, har jakin maƙwabta. Uwa tana dariya tana gyara masa, a hankali kwandon nan guda ya rabu ya zama kwanduna da yawa. Ku lura kuma, ba sunan kaɗai ya ke koyo ba. Yana ganin akuya korarta a ke yi daga shanya, kare kuwa kauce masa a ke yi, jaki a ɗora masa kaya. Kowane suna yana zuwa da abin da a ke yi wa mai sunan.

Mu mazauna bakin iyaka mun fi kowa sanin haɗarin wannan. Ka ce "jaka guda" a Illela, dattijo zai ji naira ɗari biyu. Ka haura Konni ka faɗi kalmar nan, sefa dubu ka ke nufi, gama can da dala a ke ƙirga, dala kuwa tamma biyar ce. Harshe ɗaya, jini ɗaya, amma wanda bai tambaya ba sai ya yi ciniki a kan kuskure. Kuskuren kuɗi dai da sauƙi, a kan dawo a gyara. Kuskuren da mu ke so mu yi hira a kansa watan nan shi ne na sunan da mu ke ba ciwo, musamman ciwon da ba a gani a fata.

Akwai wani ɗan'uwa a cikinmu, magidanci mai 'ya'ya biyu. Ba za mu faɗi sunansa ba, ya dai yarda mu ba da labarin. Sana'arsa fataucin albasa. A shekarar 2019 ya ci bashi wurin surukinsa, ya haɗa da kuɗin adashin matarsa, ya sayi albasa daga wajen Galmi. Kayan suna kan hanya, cikin watan Agusta, gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokin ƙasa. Motar ta tsaya a hayin Konni. Albasa kuwa ba ta jiran gwamnati, balle da damina. Kafin a san abin yi, ta ruɓe.

Da fari ba wanda ya ga wani abu. Mutum ya yi hasara, dole ransa ya ɓaci. Amma wata ɗaya ya wuce, biyu suka wuce. Ya daina fita. Ya kan farka tun kafin carar zakara ya zauna yana kallon bango. Tuwo ya kan kwana a kwano. In 'ya'yansa suka hau jikinsa sai ya kawar da kai. Mutumin da a da shi ke ja waƙa a ƙungiyar mawaƙa, ya zama sai a yi masa tambaya uku kafin ya amsa ɗaya.

Nan fa aka shiga raɗa wa abin suna. Mahaifiyarsa ta ce sammu ne, abokan kasuwa ne suka ga ya fara tashi. Sunan nan yana da hanyarsa, hanyar kuwa ta bi ta wani ƙauye a hayin iyaka, ta cinye rago guda da buhun gero. Kawunsa ya ce iska ce, gama yaron ya sha ratsa daji da dare a kan babur. Wannan ma da tata hanya, da hayaƙi da turare. Wani dattijo a ekklesiya ya ce rashin bangaskiya ne, ko kuwa akwai zunubin da bai furta ba, sai aka sa masa azumin kwana uku, shi da ya yi wata biyu ba ya cin abinci. Maƙwabta ba su wahalar da kansu ba, suka ce, "Ai wane ya taɓu." Daga ranar aka hana yara shiga gidan. Akwai saurayin da ke neman ƙanwarsa, har an kai gaisuwa, sai aka ji danginsa shiru.

Matarsa kaɗai ta ce, "Ni dai na ga tunani ne ya yi masa yawa." Ba wanda ya saurare ta. Sunan ya yi ƙanƙanta, ba shi da boka, ba shi da rago, ba shi da wanda za a zarga.

Kada mu wanke kanmu. Mu ma mun je gidan, mun yi addu'a, mun ce a ƙara addu'a, muka tafi muna jin mun sauke nauyi. Addu'a ba laifi ba ce, ba kuwa za mu bari ba. Laifinmu shi ne ba mu yi tambaya ko ɗaya ba. Mun shiga gidan da sunanmu a aljihu. Daga baya muka tuna da almajirai a Yohanna sura 9, da suka ga mutumin da aka haifa makaho. Kwanduna biyu kaɗai su ke da su, ko zunubinsa ko na iyayensa, Ubangiji kuwa ya ƙi sa mutumin a ko ɗaya. Muka kuma tuna da annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19, sa'ad da ya gudu jeji ya roƙi mutuwa. Abin da aka fara ba shi, abinci ne da ruwa da barci, har sau biyu. Sai daga baya aka yi masa tambaya.

Yanzu ku dubi abin mamaki. Mu da mu ke da sunaye barkatai domin saniya, in aka zo ga hankalin ɗan Adam kusan kwando ɗaya gare mu, shi ne "hauka". Muna jefa kome a ciki, kamar yaron nan da akuyarsa. Ga kaɗan daga abin da ke kwance a kwandon.

Akwai mai zazzaɓi mai zafi da ya fara sambatu, ko wuyansa ya sanƙare. Wannan zazzaɓin cizon sauro ne da ya hau kai, ko kuwa sanƙarau, irin wanda ya yi mana ɓarna a 1996, ya sāke dawowa ƙasar Sakkwato da Zamfara a 2017. Mai irin wannan ba ya jiran gobe. In aka ce iska ce aka tsaya hayaƙi, kafin a gane gawa za a ɗauka. Akwai mai farfaɗiya, wanda mu kan watse mu bar shi, wai yawunsa yana sa ciwon. Ba ya sawa. Saboda wannan zato yara da yawa sun ƙone a murhu mutane na tsaye suna kallo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan bakwai cikin goma na masu farfaɗiya za su iya zama ba faɗuwa in suna samun magani daidai. Akwai mai jego da ta rikice kwanaki kaɗan bayan haihuwa, ta ƙi jaririnta, a ce mayu ne ko kishiya, alhali ciwo ne sananne mai magani. Akwai saurayin da ƙwaya da wiwi suka juya masa kai. Akwai tsoho mai ruɗewar tsufa, da ke neman gidan da aka rushe tun yana yaro. Akwai mai jin muryoyin da ba kowa ke ji ba. Akwai kuma irin ɗan'uwan nan namu, wanda hankalinsa sarai ya ke, ya san kowa, ya san ranar mako, amma baƙin ciki ya danne shi har ya kāsa ɗaga kai. Masu aikin lafiya yanzu suna kiran wannan "ciwon damuwa". Bakwai ke nan, ba kuwa biyu da maganinsu ya zama ɗaya.

Harshenmu ma yana da wata dabara da ya kamata mu kula da ita. In zazzaɓi ne, mu kan ce "ya kama shi", in an jima mu ce "ya sake shi". Ciwon baƙo ne, ya zo zai tafi, mutumin yana nan. Ba mai kiran ɗan'uwansa "mazazzabci". Amma in hankali ne, ba mu cewa ya kama shi. Sai mu ce "mahaukaci ne", mu mai da ciwon ya zama mutumin, kamar yadda mu ke cewa maƙeri ko manomi, sai ka ce sana'arsa ce. Har muna da karin maganar da ke cewa hauka ba ya warkewa sai dai rangwame. Wanda aka sa wa wannan suna, ko ya yi shekara ashirin lafiya, ran da ya ɗaga murya a taron iyali sai a kalli juna.

Iyayenmu sun ga irin wannan da kuturta. A zamaninsu "kuturu" hukunci ne na har abada, mutum ya bar gida ya bar gari. Da yawa cikinsu sun san Amanawa kusa da Sakkwato, inda 'yan mishan suka fara jiyyar masu wannan ciwo tun ƙarshen shekarun 1930. Ƙwayar cutar kuwa tun 1873 wani likita, Hansen, ya gano ta a ƙasar Norwe. Tun 1981 akwai haɗin magunguna da ke kashe ta, yau cikin wata shida zuwa shekara guda an gama, in an zo da wuri ko yatsa ɗaya ba ya guntulewa. Duk da haka har yanzu akwai mai ɓoye tabon jikinsa har ciwon ya ci hannu, domin tsoron kalmar ya fi tsoron ciwon.

Mutanen Japan sun gwada sāke suna da gangan. Akwai wani ciwon hankali mai tsanani da su ke kira da sunan da ke nufin tsagewar hankali. Sunan yana da muni har likitoci da yawa ba su iya gaya wa majiyyaci abin da ke damunsa. Iyalan majiyyata suka roƙa, a 2002 aka sāke shi da wani mai nufin rashin daidaituwar tunani. Cikin 'yan shekaru, majiyyatan da a ke gaya wa sunan ciwonsu suka tashi daga wajen kashi 37 cikin ɗari zuwa wajen kashi 70. Mu ma a Nijeriya dokar da ta yi ta aiki tun 1958 sunanta dokar mahaukata. Sai a Janairu 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwa, wadda ke zancen lafiyar ƙwaƙwalwa da haƙƙin majiyyaci. Sāke suna a takarda dai bai kwance mari daga ƙafar kowa ba tukuna, amma wanda ya ɗaure ɗansa a turke yau ba zai ce doka tana bayansa ba.

Mu koma ga ɗan'uwanmu. Wata rana da dare ya ce wa matarsa gara a ce ba shi a duniya, kowa ya huta. Matar nan ta yi hikima. Ba ta ce masa ya daina saɓo ba. Ta kwashe maganin ƙwari da ke ɗakin ajiya da igiyar guga ta kai gidan maƙwabta, ta kwana zaune, da asuba ta aika a kira wata tsohuwar ma'aikaciyar jiyya da ke cikin zumuntar mata. Iyaye mata, ku riƙe wannan. Wanda ya ambaci mutuwa haka, ba a barinsa shi kaɗai, ba a kuma jira a ga ko wasa ya ke.

Tsohuwar ta zo ta shimfiɗa tabarma. Abin da ya ba mu kunya shi ne ba ta tambayi kowa ko mene ne ciwon ba. Tambayarta ita ce me aka gani. Yana barci? Ƙarfe nawa ya ke farkawa? Jikinsa ya yi zafi? Ya taɓa faɗuwa? Yana magana da wanda ba a gani? Yana shan wani abu? Yaushe rabonsa da dariya? Haka ta yi ta ware abin kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, har abin da ya rage a faifai ya zama ɗan kaɗan, sananne. Ta ce a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, a kan hanyarmu ta zuwa Sakkwato.

Sai ga shi ya yi magana, doguwar magana ta fari cikin makonni. "Inna, ni ba mahaukaci ba ne. Ba ni zuwa Kware."

Ta ce, "Ɗana, wa ya ce kai mahaukaci ne? Bara da aka kai babanka asibitin ido a Kano, makaho ne? Ido ya yi ciwo, aka kai shi wurin masu ido."

Ya tafi. Aka ba shi magani, aka gaya masa kada ya sa ran ganin canji kafin mako uku ko huɗu, kada kuma ya bari da zarar ya ji sauƙi, sai ya ci gaba wasu watanni. Ya dawo da wani dogon suna na Turanci a katinsa, wanda ba shi ba matarsa ba mai iya faɗa. Nan ma sai mu yi gaskiya. Sunan likita in ba a fassara shi ba, shi ma wani tsafi ne. Mun san gidajen da aka karɓi irin sunan nan aka ajiye shi kusa da sammu, ana tsoron duka biyu. Likita Thomas Lambo ya gane wannan tun 1954 a Aro kusa da Abeokuta. Ya sa majiyyata su zauna a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da wani ɗan'uwansu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya, gama ya ga mutum ba ya warkewa cikin harshen da ba ya ji. Tsohuwar nan tamu ta yi nata fassarar. Ta ce masa, "Abin da matarka ta faɗa tun fari shi ne. Tunani ne ya yi yawa har ya zama ciwo, ciwon kuma ya hana barci da ci, rashin barci ya ƙara tunani. Magani zai tsinke igiyar ta gefe ɗaya, mu kuma mu kama ɗaya gefen."

Ɗaya gefen shi ne hira. Kowace Alhamis da la'asar ta kan zo. Ta lura akwai wata magana da ba ya rabuwa da ita: "Na zama banza." Ashe shi ma ya raɗa wa kansa suna, nasa kuwa ya fi na maƙwabta ciwo, gama da shi ya ke kwana da shi ya ke tashi. Ba ta yi masa gardama ba. Sai ta ce, "Me ya ruɓe a Konni?" Ya ce albasa. "Wa ya rufe iyaka?" Ya yi shiru. "Motarka kaɗai ta tsaya?" Ya ce a'a, sun fi a ƙirga. "To, su duka banza ne?" Wata rana ya ce kowa ya raina shi. Ta ce ya lissafa mata su da suna. Ya yi ta tunani, ya samo mutum biyu, ɗaya ma dama ba sa shiri tun suna yara. Bashin da ya ke gani kamar dutse, ta sa ya rubuta a takarda. Da aka rubuta sai ya zama lamba, lamba kuwa ana iya raba ta wata-wata. Ta raka shi wurin surukinsa, wanda ashe shi ma kunya ce ta hana shi zuwa, yana tsoron kada a ce ya zo bin bashi.

Tsohuwar ba ta taɓa jin sunan Aaron Beck ba, amma hanyarsa ta bi. Shi likita ne a Amurka, wanda a shekarun 1960 ya lura masu ciwon damuwa suna da 'yan gajerun maganganu da ke gilmawa a zuciyarsu, su kuwa suna karɓarsu kamar gaskiya ba bincike. Abu ɗaya ya lalace, sai su ce kome ya lalace. Yau ta ɓaci, sai su ce har abada. Maganinsa shi ne a kama maganar a ajiye ta a fili, a tambaye ta shaidarta. Yau ana aiki da hanyar nan ko'ina a duniya. A Harare ta Zimbabwe ma wani likita, Dixon Chibanda, ya koya wa tsofaffin mata irin wannan hira, suna zama a benci a harabar asibiti. Ba su amfani da sunan Turanci. Kalmar da su ke amfani da ita a harshen Shona ma'anarta yawan tunani, daidai abin da matar ɗan'uwanmu ta faɗa aka yi banza da ita.

An buɗe iyakar Illela a Disamba 2020, tana cikin huɗun da aka fara buɗewa. Lokacin ya riga ya koma kasuwa, yana dillancin buhu ɗai-ɗai, ya biya fiye da rabin bashin. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sāke rufewa har Maris 2024, ya kuma sāke yin hasara, ko da ya ke ba kamar ta fari ba. Ya yi dare biyu ba barci. A rana ta uku ya ce wa matarsa, "Baƙon nan ya dawo yana ƙwanƙwasa ƙofa. Aika a kira mini Inna." Cikin makon ya koma Kware da ƙafarsa.

Mahaifiyarsa har gobe ta ce ragon nan ne ya karya sammun, mun kuwa daina gardama da ita. Saurayin ƙanwar bai dawo ba. Ta yi aure daga baya a wani gari, inda ba a san labarin ba. A unguwa kuma akwai mutum biyu ko uku da in za su kwatanta gidan ga baƙo, har yanzu su kan ce, "Gidan wanda ya taɓa taɓuwa." Ya ji da kunnensa ran nan, yana dawowa daga koyon waƙa.